Kundin aiki: ƙara fitilu da madubai a tarakta MF 375

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

Taraktar Massey Ferguson 375 ce, mai ja da tayoyin baya kaɗai, tana aiki a yankin Kadawa. Idan damina ta faɗi takan kwana a gona tana haro da huɗa saboda yawan masu jiran layi. Sauran lokaci tana jan tirelar taki ko ta buhuna, har takan hau titin Kano zuwa Zariya bayan magariba. Yau dubawa da awo kawai aka yi, ba a kwance komai ba sai kawunan batir.

Abin da aka tarar: fitilun gaba biyu, ta dama ta mutu. Danjar baya duka biyun sun fashe. Sigina ba ta motsi. Madubi ko ɗaya babu, tirelar kuma ba a taɓa ja mata waya ba.

Direba fitilar gona yake nema da farko, amma mun sa bayan tarakta da tirela a sahun gaba. Dalili lissafi ne. Tarakta da kaya tana tafiyar kilomita 25 a awa, motar da ke bin ta tana 100. Tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da kusan mita 21 kowane daƙiƙa. Idan mai motar bai hango tirela ba sai da ya rage mita 60, bai kai daƙiƙa uku a hannunsa ba. Rashin haske a gona ɓata kunya yake yi, rashin danja a kwalta rai yake ci.

Awon wuta: batir yana nuna volt 12.4 inji a kashe. Da aka tayar aka taka totur zuwa juyi 1500 a minti, ya tsaya a 13.1, alhali ana son tsakanin 13.8 da 14.4. Fanbel ne ya saki. An ja shi har ya zama yatsa na iya lanƙwasa shi kamar santimita ɗaya a tsakiya, aka kankare farin gishirin da ya taru a kawunan batir, sai awo ya hau 14.1. Altanetar, wato na'urar da ke cajin batir, an buga mata amp 45 a jiki. Duk abin da za a ƙara dole jimillarsa ta zauna ƙasa da rabin wannan, domin a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta.

Talata, 23 ga Afrilu

Kayan da aka sayo: fitilun aiki na LED guda huɗu masu kusurwa huɗu, masu baza haske, danja biyu ta tarakta da biyu ta tirela, kowacce haɗe da sigina da fitilar birki, fitila mai walƙiya ruwan lemo guda ɗaya, rile (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa) uku masu ƙafa huɗu na amp 30, akwatin fiyus mai gida shida, makunni uku masu ɗan haske a jiki, soket mai baki bakwai da kansa, waya mai kaurin sukwaya milimita 4 mita uku, mai 1.5 mita arba'in, kwarkwaron roba na rufe waya mita goma sha biyar, madubai biyu.

Kafin a ɗaura komai an gwada shi a kan tebur. Fitilun aikin an rubuta musu wat 48 a kwali, amma kowacce amp 1.9 take ja a volt 13, wato wajen wat 25. Wannan ba abin mamaki ba ne a irin waɗannan fitilu: ana ƙirga ƙwayoyi 16 ne a ninka da 3, ba a faɗin abin da suke ci a zahiri. Da lambar da mita ta nuna za mu yi lissafi. Huɗun amp 7.6, fitilun gaba na asali wajen 8, danja da mai walƙiya da na tirela ba su wuce 3 ba. Jimilla ƙasa da 20. Ya shiga.

Wayar 1.5 ɗin ce ta ba da matsala. An warware mita goma aka bi da amp 4 ta cikinta. Jan ƙarfe na gaskiya mai wannan kauri zai zubar da kamar rabin volt, wannan ta zubar da 1.1. Da aka kankare silin da wuƙa sai fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Da aka kara masa ashana silin ya lanƙwashe nan take. Irin wannan waya ba ta jure girgiza, takan karye a bakin maɗauri, kuma danshi na cinye ta ta koma gari. An mayar, an karɓo wata bayan an kankare ta a gaban mai shago.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Ranar mai walda. Rumfar wannan tarakta ta inuwa ce kawai, ƙafafu huɗu na bututu da kwano a sama. Da a ce baka ce irin wadda kamfani ke sawa don ta tare direba idan tarakta ta kife, ba a huda ta kuma ba a yi mata walda, sai dai a kama ta da maɗauri. Ko a nan ɗin mun zaɓi maɗauri mai siffar U, saboda bututun siriri ne, huji zai zama mafarin tsagewa.

An yanka ƙarfe mai kwana, milimita 40 da kaurin 4, gunduwa huɗu masu tsawon santimita 12, kowacce da hujin milimita 8. Duk waldar a ƙasa aka yi ta, nesa da tarakta. Inda ya zama dole a taɓa jikinta, wato mazaunin soket a bayan madigadi, sai da aka cire kawunan batir biyu da wayoyin altaneta tukuna. Wutar walda tana kashe altaneta ba tare da an ga hayaƙi ba, sai washegari a ga batir ba ya caji. An shafa jan fenti na hana tsatsa, an bar su su bushe.

Asabar, 27 ga Afrilu

Jan waya. Mai rewaya ya fara da cire kan negatib.

Daga fosatib na batir wayar milimita 4 ta tashi, da fiyus na amp 30, kore, a tazarar santimita 15 daga kan batir. Kusancin nan yana da muhimmanci: duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaro, idan ya goge ya taɓa ƙarfe wuta ce. Daga nan ta shiga akwatin fiyus da aka ɗaura a ƙarƙashin allon sitiyari, inda ruwa ba ya duka.

Kowace rile ƙafafunta na da lamba. Ta 30 tana karɓar wuta daga fiyus, ta 87 tana kai wa fitila, ta 86 tana zuwa daga makunni, ta 85 tana sauka a jikin ƙarfe. Makunnin ba ya ɗaukar nauyin fitila, ɗan abin da ke jan rile kawai yake wucewa ta cikinsa, bai kai rubu'in amp ba. Fitilun aiki na gaba biyu suna kan fiyus 7.5, ruwan ƙasa; na baya biyu haka; mai walƙiya 5; layin tirela 10, ja. Ba a haɗa gaba da baya a makunni ɗaya ba, don a kwalta dole a kashe na baya. Farin haske a bayan abin hawa yana kashe wa na baya ido, yana kuma sa shi zaton mota ce ke tahowa.

Makunnan uku suna shan wuta daga bayan mukulli, ba daga batir kai tsaye ba. Sai dai wannan injin da jan igiyar kashewa ake kashe shi, don haka ana iya sauka a bar mukulli a kunne. Shi ya sa aka nemi makunni mai haske a jiki.

Ba a murɗa waya da waya aka naɗe da salatif ba ko a wuri ɗaya. Kowane haɗi an matse shi da maɗaurin waya, aka zura robar da ke tsukewa da zafi. Zafin Afrilu kaɗai ya isa ya narkar da gam ɗin salatif ya zame. Duk wayar tana cikin kwarkwaro, an ɗaure ta kowane santimita 25, an nisanta ta da salansa da aƙalla tafin hannu. Inda ta ratsa hujin kwano an sa zoben roba.

Litinin, 29 ga Afrilu

Gwajin dare na farko, a fili bayan isha'i, da haro a baya. Abu uku suka fito.

Na farko, fitilun baya suna rawa, suna dushewa idan tarakta ta hau gargada. Mita ta nuna volt 10.2 a bakin fitila, batir kuma yana 14. An ɗaure negatib ɗinsu ne a jikin rumfa, ita kuwa rumfar a kan madigadi take zaune, tsakaninsu fenti ne da tsatsa da guntun roba. Wuta na zuwa amma ba ta da hanyar komawa mai kyau. Magani shi ne kowace fitila a ja mata baƙar waya tata har zuwa noti guda a jikin giyabos, a goge wurin da sanfefa sai ya yi ƙyalli, a ɗaure, a shafa giris a kai. Bayan haka awo ya koma 13.7. Sau da yawa fitilar da ake cewa ta lalace a tarakta, wannan ce cutarta.

Na biyu, fitilun aiki na gaba da ke saman rumfa suna zuba haske a kan bonet da salansa, hasken yana dawowa idon direba. Ido kuwa da abin da ya fi haske yake daidaita kansa, sai gonar da ke gaba ta ƙara duhu. An matsar da su can bakin rumfa, kowacce a kusurwarta, an ɗan juya su waje, an sa musu ɗan leɓen kwano na santimita 4 a ƙasa ya yanke hasken da ke sauka kan bonet.

Na uku shi ne ƙura. Ƙasa a bushe take, haro na tayar da ita, farin hasken LED mai ratsin shuɗi yana mai da ita kamar bango. Da fitilun baya suna kallon nesa ba a ganin faifan haro sam. An sunkuyar da su: tsayinsu daga ƙasa mita 2.3, tsakiyar hasken yanzu yana sauka a mita biyar da rabi, kusan digiri 23 ke nan. An kuma karkata su suna gittawa, ta hagu na haska gefen dama na haro, ta dama na haska hagu, don inuwar madigadi da ta direba kada ta faɗa kan aikin. Da za a sake saye, mai haske ɗan ruwan ɗorawa za a nema, ya fi sauƙi a ido cikin ƙura.

Fitilun gaba na asali an sa musu sababbin ƙwai, an daidaita su a jikin katanga daga mita goma. Tsayin fitila santimita 105, iyakar hasken ƙasa an sa shi a 92.

Alhamis, 2 ga Mayu

Madubai. Wannan ya fi jan waya cin lokaci.

Faɗin tirelar mita 2.3 ne, wato santimita 115 daga tsakiya zuwa kowane gefe. Ƙafar rumfa ta gaba tana santimita 55 daga tsakiya. Madubin da bai leƙa waje da faɗin tirela ba, allon gabanta kawai zai riƙa nunawa. Don haka hannun madubi sai ya kai santimita 65. An yi shi da bututun inci uku bisa huɗu.

Da aka tayar da inji, hoton da ke cikin madubin ya zama hazo. Inji mai silinda huɗu yana bugawa sau biyu a kowane juyi, a silo na 800 kusan bugu 27 ke nan a daƙiƙa, dogon hannu mai kafa ɗaya kuma yana karɓar wannan ya ninka shi a ƙarshensa. An fara gwada yankin tiyub na taya a ƙarƙashin maɗauri. Ya rage ƙara, amma rawar ta ƙaru, domin roba mai laushi ta ba hannun damar lilo. Gajarta hannun ba zai yiwu ba saboda faɗin tirela. Abin da ya yi aiki shi ne tokara: rodi na milimita 10 daga kashi biyu cikin uku na tsawon hannun zuwa saman ƙafar rumfa, ya zama kusurwa uku. An bar roba siririya guda, mai tauri, tsakanin maɗauri da bututu. Yanzu hoton a tsaye yake daga 1000 zuwa sama. A silo akwai 'yar rawa, amma ana gane mota.

Gindin hannun a kan noti guda na milimita 12 yake juyawa, da washa mai tsalle da noti mai roba a ciki, tokarar kuma da fil ake cire ta. Haka ake naɗe shi idan za a shiga ƙofar gareji ko a bi ƙarƙashin darbejiya. Hannun da aka yi wa walda dindindin reshe ɗaya ne zai karya shi, ko ya lanƙwasa ƙafar rumfa.

Gilashin mai ɗan tudu ne, santimita 15 da 25. Yana nuna fili mai faɗi, amma yana nuna mota kamar tana nesa alhali ta matso. An yi wa direba gwaji: aka tsayar da mutum a mita 20 bayan tirela, sannan 40, ya ga girmansu a madubi ya riƙe. Tunda a hannun dama ake tuƙi a Najeriya tun 1972, ta hagu ake wuce tarakta, kuma juyawa hagu don shiga hanyar gona shi ne lokacin da ya fi haɗari. Madubin hagu an saita shi yana nuna siririn gefen tirela da dukan layin da ke kusa. Na dama an ɗan sunkuyar da shi ya nuna tayar tirela da bakin kwalta, inda masu babur da masu keke ke kutsawa.

Litinin, 6 ga Mayu

Sigina da tirela. Tsohuwar filasha, wato abin da ke sa sigina ƙiftawa, irin mai zafi ce, tana buƙatar nauyin ƙwai biyu na wat 21 kafin ta yi ƙiftawa daidai. Da LED sai ta kunna ta tsaya cak. An sa ta lantarki mai ƙafa uku, 49 wuta, 49a zuwa makunnin sigina, 31 jikin ƙarfe. An ƙirga ƙiftawa 84 a minti, cikin 60 zuwa 120 da ake so.

Soket ɗin an bi tsarin da aka saba, don kowace tirela ta iya shiga: baki na 1 siginar hagu, rawaya, 3 negatib, fara, 4 siginar dama, koriya, 5 danjar dama, ruwan ƙasa, 6 birki, ja, 7 danjar hagu, baƙa. Na 2 an bar shi babu komai. Farar wayar an kai ta har kowace fitila a bayan tirela. Idan aka dogara da fil ɗin jan tirela a matsayin hanyar komawar wuta, za a ga an kunna sigina danja na ƙiftawa tare da ita, ko an taka birki duka sun dushe.

Fitilun tirela an sa su a cikin ƙaramin akwatin ƙarfe mai buɗaɗɗen baya, a can ƙarshen kowane gefe, ƙarƙashin ƙofar zubar da kaya. Wayar ta bi ta cikin bututu a jikin shasi. Tsakanin tarakta da tirela an bar ragowa daidai yadda za a karya kwana har ƙarshe ba ta ɗaure ba, aka rataye ta da sifirin don kada ta sauka kan sandar PTO, wadda ke juyawa a bayan tarakta tana juya kayan aiki.

Makunnin fitilar birki an ɗaura shi yadda kowanne daga cikin fedojin birki biyu zai taɓa shi. A kwalta dai a haɗe ake son su da sakatarsu.

Laraba, 8 ga Mayu

An liƙa tef mai mayar da haske, ja a bayan tirela, ruwan ɗorawa a gefuna, bayan an wanke wurin da fetur ya bushe. An kafa alamar abin hawa mai tafiyar hawainiya, kusurwa uku mai tsakiya ruwan lemo da jan baki, tsininta sama, a tsakiyar ƙofar baya, mita 1.2 daga ƙasa. A Amurka aka ƙirƙiro ta a shekarun 1960 don abin da bai wuce kilomita 40 a awa ba. Ba kowane direba a nan ya san ma'anarta ba, amma tana ƙyalli daga nesa, kuma ita da tef ɗin suna aiki ko fiyus ya ƙone ko an manta ba a cusa soket ba. Mai walƙiya tana saman rumfa ta hagu, sama da duk abin da za a loda.

Juma'a, 17 ga Mayu

Fiyus ɗin fitilun baya ya ƙone sau biyu a dare ɗaya. Ba a ƙara masa girma ba, ba a kuma naɗa masa silin waya ba. An bi layin da hannu aka samu wurin: kusa da hannun ɗaga haro na hagu, idan an ɗaga har sama yana matse kwarkwaron da jikin madigadi. Lokacin jan waya haro a ƙasa yake, shi ya sa ba a gani ba. An yanke santimita 30, an sake haɗawa, an bi da ita ta cikin leɓen madigadi. An ɗaga an sauke sau goma ana kallo, aka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe don duba na gaba ma.

Talata, 4 ga Yuni

An yi ruwa mai ƙarfi. Fitilar gaba ta hagu ta yi raɓa a cikin gilashi, duk da IP67, alamar hana ƙura da ruwa shiga, da ke rubuce a jikinta. Wayarta daga sama take saukowa kai tsaye zuwa inda ta shiga fitilar, ruwa ya bi ta ya shige. An kwance, an shanya ta a rana yini guda, an toshe bakin da silikon, an lanƙwasa wayar ta sauka ƙasa da fitilar kafin ta hau, yadda ruwa zai ɗiga a gwiwar. An yi wa sauran ukun haka. Soket ɗin tirela ma an juya bakinsa ya ɗan kalli ƙasa, an cika bayansa da giris.

Wani abin da ba a yi tsammani ba: daren da ya biyo bayan ruwan shinge ya fito, ya taru a fitilun gaba na asali da ke jikin ragar hanci, fanka kuma ta zuƙe shi cikin lagireto. Allurar zafi ta hau kafin tsakar dare. Yanzu a gona ana kashe na hancin a bar na saman rumfa, an kuma sa ragar sauro ta ƙarfe a gaban lagireto, ana kakkaɓe ta kowace safiya.

Litinin, 10 ga Yuni

Awa 60 na aiki tun gama jan waya. An bi duk notuna da sifana: biyu na maɗaurin madubin dama sun saki kusan rabin juyi, an canza su da masu roba a ciki. Fanbel ya ɗan ƙara saki, an ja shi. Caji yana 14.0 da duk fitilu a kunne a 1500, yana sauka 13.2 a silo. Tef ɗin bayan tirela taki ya rufe rabinsa, an ƙara goge shi da gilasan danja cikin abin da yaron mota zai yi kafin a hau titi.

Saura abu biyu. Idan an loda buhuna sama da allon tirela, mai walƙiya ba ta ganuwa daga baya, ana bukatar sanda mai tsawon santimita 50 da za a iya cirewa. Sannan daidai bayan tirela, kusan mita takwas, babu madubin da ke kaiwa wurin. Kafin a samo ƙararrawar ribas da za a haɗa da giya, ba a ja da baya a cikin gari sai yaron mota ya sauka ya tsaya ta hagu inda direba ke ganinsa a madubi.